Leƙen Ƙarshe a Ƙubbar Nini

Abah, mahaifina, ya yi shekara ashirin da wani abu yana buɗe wa Nini rufi yana rufewa, bai taɓa leƙawa ta cikinta ba.

Nini muke ce wa madubin hangen taurari na jami'a, wanda ke kan dutse, sama da gonakin shayi. Ma'anar sunan a yarenmu kaka ce, tsohuwa. Wanda ya raɗa mata sunan ya ce don ba ta son danshi, ba ta son ƙura, kuma sai an lallaɓa ta take juyawa. Mutanen ƙauyenmu suna zaton kullum muna can ido manne da gilashi. Babu wurin sa ido a jikinta. Kyamara ce ɗaure a gindinta, nauyinta ya kai na maraƙi, wayoyi sun bi ta ƙasa zuwa ɗakin kwamfuta. A can malamai da ɗalibai suke zama, da bargo da kofi, suna kallon ɗige-ɗige a allo. Wasu ma ba sa hawowa. Daga birnin Bandung suke aiko da abin da suke so a duba musu.

Sau ɗaya a shekara, tsakiyar rani, ake sauke babban madubin a wanke shi, a sake masa shafe mai ƙyalli. Idan an mayar da shi, kafin a ɗaura kyamara, sai a soka ɗan gilashin leƙe, bai fi gwangwanin madara ba, don a ga ko madubin ya zauna daidai. Bayan magariba ake yi. Da an gama gyara sai a bar kowa ya leƙa. Mai gadi, direba, mai girki, matansu da 'ya'yansu. Layi ake yi a gindin tsani, kowa ya hau ya sa ido, ya ce Subhanallahi, ya sauko.

Mutum ɗaya ne ba ya shiga layi. Mai rufi. Shi yana waje, kan barandar ƙarfe da ta zagaye ƙubba, oba-oba a hannu, idonsa kan kwari. Hazon dutsenmu daga wajen ramin wuta, bakin dutse mai aman wuta, yake tasowa, jiƙaƙƙe, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ya sauka kan sabon shafe, tabon ba ya fita sai wankin wata shekara, kuma duk ɗalibin da aka ba daren dubawa a tsakani, da wannan tabon zai yi aiki. Don haka dokar ƙubba ɗaya ce. Idan mai rufi ya ce a rufe, an rufe. Ko shugaban jami'a ne a kan tsani.

Abah ne mai rufi. Mang Engkos suke ce masa a can, wato Kawu Engkos.

Duk shekara Kang Dudung makaniki, wato Yaya Dudung, yakan leƙo baranda ya ce, "Mang, ba ni oba-obar, je ka leƙa ka dawo."

Abah yakan ce, "Kai? Kai da ba ka bambance hazo da hayaƙin sigarinka? Koma ciki. Baɗi."

Baɗi kuma ya sake cewa baɗi.

Shekarar da na gama sakandare ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. A bakin rijiya ya faɗi. Ya tashi, amma ƙafar ja take yi, hannun kuma ya lanƙwashe a ƙirji. Tun ina ƙarami nake bin sa dutsen, na san aikin, sai jami'a ta ba ni barandar. Ban nema ba. Ban ƙi ba.

Bana, ranar da aka sauke madubi, Bu Rukmini ta tara mu. Ita ce malamar da ke riƙe da Nini. Ta ce sabuwar na'ura na tafe daga ƙasar waje, mai bututun sanyi, da injiniyoyinta. In an ɗaure ta ba a ƙara kwancewa. Daidaita madubi ma ita za ta riƙa yi da kanta.

Kang Dudung ya ce, "Gilashin leƙe fa, Bu?"

"Wannan ne na ƙarshe. Washegari da safe za su fara ɗauri." Ta dube ni. "Tatang, ka gaya wa Abah."

Na gaya masa muna cin abinci. Bai ɗago ba. Ya ci gaba da tura shinkafa da hannun dama, ya ce wa Ema, mahaifiyata, yajin ya yi gishiri. Na ɗauka maganar ta wuce.

Da asuba na ji shi ta bango.

"Rigar batik ɗin nan tawa, mai ruwan ƙasa, tana nan?"

Ema ta ce, "Wadda ka sa a bikin 'yarmu Popon? Ta yi maka yawa yanzu."

"Na tambaye ki ko ta yi min yawa?"

"Tsoho sai baƙin rai. Ina za ka da ita?"

"Gaisuwa zan je."

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Goge ta dai."

Ranar leƙe sama ta tashi tas. Da la'asar na fito da babur. Ema ta zaunar da Abah a bayana, ta ɗauko zanen sallarsa ta zagaye mu da shi, ta ƙulle a cikina, don hannu ɗaya ba ya riƙe mutum a hanyar dutse. Sannan ta miƙo min tsinken tsintsiya, ta soke jan barkono da 'yar albasa a jiki.

"Ka kafa a bakin ƙofa. Yana korar ruwa."

Na ce, "Ema, jami'a ce fa."

"Jami'a ba a yi mata ruwa? Karɓi."

Abah ya ce, "Ruwa yake kora, ba hazo ba. Shekara nawa kina wannan shirmen."

"Shekara nawa kuma kana cusa shi a aljihu kana tafiya da shi? Ka ɗauka ban gani?"

Na karɓa.

Ba shi da nauyi. Abin da na fara ji ke nan da muka hau hanya. Da ina yaro ni nake baya, fuskata a jikin rigar ruwansa, ba na ganin gaba saboda faɗin bayansa. Yanzu ƙasusuwan ƙirjinsa nake ji a gadon bayana duk lokacin da muka faɗa rami. Muka wuce masana'antar shayi, muka wuce ɗan masallacin masu tsinkar shayi, muka wuce tankin ruwa. Ya taɓa ni da haɓa.

"Me na gaya maka?"

"In hazo ya ci fitilar masana'anta, in shirya. In ya ci tanki, in rufe."

"In ya ci tanki ka yi me?"

"In rufe, Abah."

Kang Dudung ne ya tare mu a ƙofa, hannunsa duk baƙin mai.

"Iye! Ango ya iso. Mang, wannan riga haka, Nini za ka aura?"

"Har yanzu ba su kore ka ba?"

"Sun ce sai na koya wa wani lalaci tukun. Ka ga har an ɗaure ka kamar buhun kabeji."

"Kwance ni, ɗan banza, in nuna maka kabeji."

Suka yi dariya. Ta Abah rabin baki ce. Kang Dudung ya kwance ƙullin, ya sauke shi a hankali kamar gilashi. Ni kuma na tsuguna na kafa tsinken Ema a gefen matakala. Bu Rukmini ta fito ta gan ni. Ba ta yi dariya ba. Ta sa ƙafa ta danna ƙasar da ke gindinsa don kada ya faɗi, sannan ta kama hannun Abah ta kai goshinta.

"Mang, ka rame."

"Ke kuma kin yi furfura, Neng, 'yammata. Ke ce mai kukan nan da hadari ya cinye miki darenki?"

"Kai ka cinye min. Sama tana buɗe ka ce a rufe."

"Da aka rufe me ya faru?"

"Aka yi ruwa," ta ce. "Har yau ban yafe ba."

Ya shiga ƙubba yana jan ƙafa. Ya tsaya ya ɗaga kai. Nini tana tsaye a kan ƙafafunta na ƙarfe, shuɗiya, ta kusa taɓa rufi. Ya shafa yatsa a kan dogon ƙarfen da ƙubba ke juyawa a kai, ya duba yatsan, ya shinshina.

"Wa ya sa wannan man?"

"Ni," na ce.

"Ya yi yawa."

Mutane suka fara taruwa. Mai girki ta kawo dafaffiyar gyaɗa da bandrek, ruwan citta mai zafi, a babban flas. Yara suna zagaye suna taɓa abin da aka hana su. Aka kira magariba daga ƙasa, muka yi salla a ɗakin kwamfuta, Abah a kan kujera. Da muka sallame na ɗauki oba-oba na fita baranda.

Na duba gabas, na duba kwari. Fitilun masana'anta suna nan reras. Iska kwance. Na ce a buɗe.

Rufin ya ja baya da gurnaninsa. Murfin madubi ya buɗe. Barandar tana da 'yar ƙofa zuwa ciki, in na karkata ina ganin gindin Nini da tsanin, cikin jan hasken da muke bari kada ido ya dashe. Kang Dudung ya soka gilashin leƙe. Bu Rukmini ta juya Nini zuwa Zuhal, tauraron nan mai zobe, don shi kowa yake so.

Na ji ta ce, "Mang, hau ka fara. Gyara ya jira."

"Aiki tukun, Neng."

"Mang, don Allah."

"A karkace za ki nuna min? Na jira shekarun nan don in ga abu a karkace? Gyara."

Ta hau. Ta juya Nini kan wani tauraro, ta leƙa, ta ce wa Kang Dudung ya matsa ƙusar arewa. Ya matsa. Ta ce ya yi yawa, ya sassauta. Ya sassauta. Ta ce ta yamma. Wasu shekarun nan da nan ake gamawa. Bana madubin ya ƙi zama. Yara suka gaji suka fara wasan ɓuya. Abah yana zaune a gindin tsani, hannunsa mai lafiya a kan gwiwa, bai motsa ba.

Na koma kallon kwari.

Can wajen ramin wuta wani abu fari ya kwanta. Siriri, kamar an shimfiɗa zane. Na ce a raina zai tsaya can. Yakan tsaya wani lokaci.

Bai tsaya ba. Fitilun masana'anta suka yi jaja-jaja, suka ɓace ɗaya bayan ɗaya.

Na danna oba-oba. "Kang, ya ci masana'anta."

Sai muryar Bu Rukmini daga kan tsani, ba ta oba-oba ba. "Ya isa haka, Dudung. Ya zauna. Mayar da ita kan Zuhal."

Nini ta fara juyawa. Ba ta sauri, ba ta taɓa yi ba. Ƙubba ta bi ta tana ƙara. Kang Dudung ya gungura tsanin zuwa inda gilashin ya tsaya, can sama da kan mutum. Ba wanda ya yi maganar layi. Kowa ya ja baya.

"Mang, bari in goya ka," in ji Kang Dudung.

"Goya uwarka."

"Ta fi ka nauyi, kuma ba ta zagi."

"Matsa."

Abah ya kama ƙarfen tsani da hannun dama. Ya ɗora ƙafar dama. Ya tsaya, ya ja numfashi, ya jawo ta hagu ta same ta. Kang Dudung yana bayansa, hannuwa a buɗe, bai taɓa shi ba. Abah ya sake ɗora ta dama.

Fitilar masallacin masu tsinka ta ɓace.

Daga masallacin zuwa tanki ba nisa. Na sa ido kan tankin. Fari ne, yana kan ƙafafu, akwai ƙwan fitila ɗaya a samansa. Na ga ƙafafun sun nutse. Na ga cikinsa ya nutse. Ƙwan ya yi ta yawo shi kaɗai a cikin farin, sannan babu shi.

Oba-oba tana hannuna. Yatsana yana kan madanni. Ban danna ba.

Na karkata na leƙa ciki. Abah ya kai tsakiyar tsani. Rigar batik ta manne a bayansa. Ƙafar hagu ta maƙale a bakin mataki, yana ta ja, ta ƙi hawa. Har yaran sun daina wasa.

Na danna. "Kang, saura nawa?"

Ya kai oba-obar bakinsa, ya yi raɗa. "Ya kusa, Tang. Riƙe mana shi kaɗan."

Kamar abin riƙewa ne.

Na mayar da hannu kan ƙarfen baranda. Ya jiƙe. Na duba tafina. Itatuwan bakin shinge sun tafi. Filin ajiye motoci ya tafi. Sai warin ya iso, ruɓaɓɓen ƙwai, ya shige min hanci. Na ɗaga kai, ga Zuhal can, tas, rawaya, ba abin da ya dame shi. Na sauke kai, ga farin yana hawa bangon ƙubba.

Na tuna madubin. Sabon shafe, fuska sama, a buɗe kamar kwanon da aka ajiye a tsakar gida.

"A rufe," na ce.

Ba abin da ya motsa. Madannin murfi yana jikin bango, Bu Rukmini ce tsaye a wurin. Ta amsa ta oba-obarta.

"Tatang. Minti ɗaya."

"A rufe, Bu."

"Saura mataki kaɗan ya—"

"A rufe."

Sai muryar Abah daga kan tsani, a shaƙe, rabin baki, amma kowa ya ji.

"Neng. Ba ki ji mai rufi ba?"

Ta danna.

Murfin madubi ya haɗe. Rufin ƙubba ya fara jawowa da gurnaninsa, sama tana ƙanƙancewa. Na tsaya har ya datse, kamar yadda aka koya min, sannan na shigo na ja 'yar ƙofar. Hazon ya biyo ni kaɗan ta ƙasanta.

Abah bai sauko ba. Ya ja ƙafar har ta hau. Ya ɗora ta dama. Ya ci gaba, da irin saurin da ya fara, har ya kai sama. Ya riƙe ƙarfe, ya sunkuya, ya sa idonsa a gilashin.

Babu komai a ciki. Duk mun sani. In murfi ya rufe, duhu ne kawai.

Ya daɗe a haka. Wata yarinya ta ce wa uwarta, "Me tsohon nan yake gani?" Uwar ta toshe mata baki.

Da ya ɗago ya ce, "Dudung, yanzu ka iya goya ni."

Kang Dudung ya goyo shi ya sauko. Ya buɗe baki zai yi tsokana, ya fasa. Mai girki ta zuba bandrek ta miƙa, Abah ya karɓa. Bu Rukmini ta tsuguna a gabansa.

"Mu jira, Mang. Wataƙila ya ɗaga."

"Wannan? Sai hantsi."

"Zan yi magana da injiniyoyin, su ƙara mana kwana."

"Su bar jirginsu don ni? Kada ki ba da kanki, Neng. Madubin ya zauna?"

"Ya zauna."

"To an yi aiki."

Ta miƙe ta shige ɗakin kwamfuta, ta rufo ƙofa. Mutane suka fara tattara yaransu. Ba wanda ya dube ni. Na gode musu da hakan.

A waje ba ka ganin tsawon hannunka. Tsinken Ema yana nan tsaye, barkonon yana ɗigar ruwa. Kang Dudung ya zaunar da Abah a bayana, ya zagaye mu da zanen, ya ƙulle tamau. Ya dafa kafaɗata ya koma.

Na kunna fitila, hasken ya tsaya a gaban taya. Muka gangara a hankali, ƙafafuna suna jan ƙasa. Tankin ya fito daga cikin farin, ya wuce.

"Ka makara," in ji Abah.

"Na sani."

"Daga nan ya kamata ka faɗa."

"Na sani, Abah."

"Ina tsakiyar tsani na ji warin. Na ce bari in ga yaron nan, zai buɗe baki ko sai na buɗe masa."

Na kauce wa rami, ya ci gaba.

"Har da tambayar saura nawa. Ina ruwan mai rufi da saura nawa? Idonka a kwari yake, ba a tsani ba."

"To, Abah."

"Kada ka ƙara."

"Ba zan ƙara ba."

Babu ma abin da zan ƙara a kai. Shi ma ya sani. Muka wuce masallacin masu tsinka, ana sallar isha, muryar liman tana fitowa daga inda ba a gani. Abah ya kwantar da kansa a bayana. Na ɗauka barci ya yi. Sai wajen masana'anta ya yi magana.

"Jang."

Wato yaro. Rabon da ya kira ni haka tun ina firamare.

"Na'am."

"Zoben nan. Da gaske ana ganinsa, ko dai faɗa suke yi?"

"Ban sani ba, Abah. Ina baranda."



"Haka ne," ya ce. Hannunsa mai lafiya ya zagayo ya kama rigata.

Ema tana bakin ƙofa, ta yafa tawul. Ta taho tun ban kashe babur ba.

"Yaya? Ka gani? Me ya yi kama da shi?"

Ta dubi Abah, ta dube ni, ta dubi gashinmu da ya jiƙe. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta sunkuya kan ƙullin zanen. Danshi ya sa ya cije, yatsunta suka kasa. Ta sa haƙori.

Abah yana kallon saman kanta.

"Madubin bai jiƙe ba," ya ce.